Yadda Ake Haɗa Koton Burodi Don Fatsa

Assalamu alaikum, masu kallo. Duk wanda ya saba zama da ƙugiya a bakin madatsar ruwa ta Dadin Kowa, ko a gaɓar kogin Gongola, ya san cewa tana da gara su ne koton da aka fi dogara da su. Amma idan rani ya yi nisa, ƙasa ta bushe ta yi tauri, haƙo tana yakan zama jan aiki, kuma a nan ne burodi yake da rana. Masu fatsa a Ingila sun daɗe suna kama kifin ruwan daɗi da shi, kuma yana aiki a ruwanmu, musamman ga kifayen da abincinsu ya fi karkata ga tsirrai, irin su karfasa da kawara. Tarwaɗa ma tana ci, domin ba ta zaɓen abinci. Giwan ruwa da tsage kuwa mafarauta ne masu bin ƙananan kifaye, saboda haka kada ku ɓata burodinku a kansu.

Abin da ake nema a koton burodi shi ne ya riƙe ƙugiya lokacin jifa, amma ya yi laushin da tsinin ƙugiyar zai ratsa shi da zarar an fizga.

Hanya mafi sauƙi tana buƙatar sabon burodi na ranar. Ku duba yadda ake yi: a tsinko ɗan tsokar cikinsa kamar girman farcen babban yatsa, a ɗora ƙugiyar a tsakiya, a naɗe, sannan a matse sashen da ke kan wuyan ƙugiyar kaɗai. Gefen da ke wajen tsini a bar shi sakwat, domin idan ya sha ruwa zai kumbura ya riƙa sakin ƙananan ɓarɓashi, waɗanda su ne suke janyo kifin. Ƙugiya mai lamba 10 zuwa 14 ta dace da wannan, kuma a tuna cewa yawan lamba yana nufin ƙanƙantar ƙugiya. Ɓawon burodi shi ma koto ne, sai dai iskar da ke cikin ramukansa tana sa shi yawo a sama, don haka sai an ɗaura 'yar dalma kusa da ƙugiyar idan ana so ya nitse.

Kwaɓi kuma, wanda a ganina ya fi kowanne amfani a wajenmu, da kwantan burodi ake yin sa, na kwana biyu ko uku. Wannan ya sa ba sai an sayi sabo ba, domin ragowar da ta bushe a gida ko a teburin mai shayi ta wadatar, muddin ba ta yi fumfuna ba. Dalilin zaɓen kwantai shi ne sabon burodi yana yin danƙo ya dunƙule idan an jiƙa shi, shi kuwa wanda ya kwana yana shan ruwa daidai ya murmushe. A cire ɓawon, a tsoma tsokar cikin ruwa na ɗan lokaci kaɗan, a zuba ta cikin tsabtataccen ƙyalle, a murɗe har ruwan ya daina ɗiga. Daga nan sai a yi ta cuɗawa da hannu, ba tare da gaggawa ba, har gudajin su ɓace, ya yi sumul kamar fura da aka gama kirɓawa. Idan tarwaɗa ake nufi, a haɗa da garin ƙuli-ƙuli ko ɗan daddawa, saboda ita da ƙamshi take neman abinci, ta hanyar gashin bakinta, ko da ruwan ya yi duhu. Hannun da ya taɓa fetur, sabulu ko taba a wanke shi tukuna.

Ragowar ɓawon da gutsattsarin ba a zubarwa. A jiƙa su, a dagargaza tare da dusa, a dunƙula kamar girman ƙwai, a jefa ɗaya ko biyu a inda za a sa ƙugiya. Wanda ya zuba da yawa ya ƙosar da kifin ne kafin su kai ga kotonsa, kuma abin da ya saura yana ruɓewa ya ɓata ruwan da jama'a da dabbobi suke sha.

Yanayinmu ma yana da nasa sharaɗi. Iskar hunturu tana busar da kwaɓi cikin ɗan lokaci, zafin bazara kuma yana sa shi tsami, shi ya sa ake naɗe shi a jiƙaƙƙen ƙyalle, a sa a leda, a ajiye a inuwa.

A bakin ruwa ne za ku gane ko haɗin ya yi. Idan ɗan karan da ke yawo a saman ruwa ya nitse, kuka fizga, ƙugiyar ta dawo da kwaɓin a jikinta ba kifi, to ya yi tauri, sai ku ɗiga masa ruwa ku sake cuɗawa. Idan kuma tun a jifa yake faɗuwa, ruwa ya yi masa yawa, sai ku ƙara busasshen garin burodi kaɗan-kaɗan har ya tsaya.