Sarki Hirohito na Japan: Maganarsa da Shirunsa

Assalamu alaikum. Shugaban zama, malamaina, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da yamma. Na can baya, kuna ji na? To, madalla.

Zan ɗauko zancen daga tsakar ranar 15 ga Agusta, 1945, a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Tun da safe rediyon Japan yake shela cewa kowa ya kasa kunne da ƙarfe goma sha biyu, sarki zai yi magana da bakinsa. A wajenmu wannan ba labari ba ne, kowace sallah sarki yakan yi wa talakawansa jawabi a ƙofar fada. Su kuwa mutanen Japan, Hirohito ya yi kusan shekara 19 a kan karaga, amma yawancinsu ba su taɓa jin muryarsa ba. An koya musu a makaranta cewa gidansa daga Amaterasu ya fito, abar bautarsu ta rana, hotonsa ma sai an rusuna ake wucewa ta gabansa.

Jawabin bai kai minti biyar ba, kuma da tsohon yaren fada aka rubuta shi, har sai da mai gabatarwa ya yi wa jama'a bayani daga baya suka gane an sha kaye. Bai furta kalmar miƙa wuya ba ko sau ɗaya. Cewa ya yi yaƙin bai tafi yadda zai amfani Japan ba, abokin gaba ya fito da sabon mugun bam, don haka a jure abin da ba ya juruwa. A faifai aka ɗauki maganar tun daren jiya, kuma saura ƙiris kada a ji ta. Wasu ƙananan hafsoshi ƙarƙashin Manjo Kenji Hatanaka sun mamaye fada cikin dare, suka kashe kwamandan dogaran sarki, suka kwana suna neman faifan don su lalata. Wani bafade ya riga ya ɓoye shi. Gari ya waye ba su samu ba, Hatanaka ya harbe kansa.

Tambayar da ta kawo ni yau ita ce: mutumin da maganarsa ta tsayar da yaƙi a 1945, ina bakinsa yake a 1941?

Bari mu ɗan koma baya. An haife shi ranar 29 ga Afrilu, 1901, jikan Sarki Meiji. Yana jariri aka raba shi da iyayensa aka kai shi riƙo, al'adar fada ke nan. Shugaban makarantarsa Janar Nogi ne, wanda ya kashe kansa shi da matarsa a 1912, ranar jana'izar Meiji, don ya bi ubangidansa. Yaro mai shekara 11 ke nan ya ga abin da ake kira biyayya a ƙasarsu. A 1921 ya yi wata shida yana zagaya Turai, shi ne na farko a yarimomin Japan masu jiran gado da ya taka Turai, kuma yadda Sarki George na Biyar yake sarauta a Ingila ya burge shi. Da ya dawo aka ba shi riƙon ƙwarya saboda rashin lafiyar mahaifinsa, ya gaje shi ranar 25 ga Disamba, 1926. Sunan zamaninsa Showa, wato zaman lafiya mai haske. Ku riƙe wannan suna, sannan ku dubi abin da ya biyo baya: mamayar yankin Manchuria na Sin a 1931, yaƙi da Sin a 1937, kisan gillar birnin Nanjing.

Tsarin mulkin 1889 ya ce sarki mai tsarki ne, ba a taɓa shi, kuma shi ne babban kwamandan sojan ƙasa da na ruwa. Da wannan sojoji suka fake, suna cewa su wa sarki suke amsawa, ba wa firaminista ba. Masu kare Hirohito sukan ce shi hatimi ne kawai. To amma ga 26 ga Fabrairu, 1936. Sojoji sama da dubu suka yi bore a Tokyo da sunansa, suka kashe ministan kuɗi Takahashi Korekiyo, suka harbi babban bafadensa Suzuki Kantaro, Allah ya yi da sauran kwanansa. Manyan hafsoshi suna ta jan ƙafa, wasunsu zuciyarsu na tare da 'yan boren. Sarki ya fusata, ya ce in ba za a murƙushe su ba shi zai ja dogaransa ya fita. Kwana huɗu magana ta ƙare.

Sai 6 ga Satumba, 1941, a taron fada inda aka shata hanyar yaƙi da Amurka. Me ya yi? Ya zaro takarda daga aljihu ya karanta wasu baituka na kakansa, masu cewa duk duniya 'yan'uwa ne, me ya sa iska da igiyar ruwa suke hargitsi. Hannunka mai sanda ya yi, bai ce a'a ba. Ranar 1 ga Disamba ya amince, bayan mako guda Japan ta kai hari Pearl Harbor, sansanin sojan ruwan Amurka.

Shi da kansa ya ba da uzuri bayan yaƙi. Ya ce sarki mai bin tsarin mulki ba ya ƙin abin da gwamnati ta haɗu a kai, amma a daren 9 ga Agusta, 1945, manya shida na majalisar ƙoli ta yaƙi sun rabu uku da uku kan batun miƙa wuya, firaminista, wato Suzukin nan da aka harba a 1936, ya roƙe shi ya raba gardama. Uzurin yana da nauyi, ban raina shi ba. Abin da ya hana ni gamsuwa shi ne watan Fabrairu na 1945, lokacin da tsohon firaminista Konoe ya gaya masa ƙarara cewa an riga an sha kaye, a nemi sulhu. Sarki ya nuna sai an ƙara samun wata nasara tukuna, don a yi ciniki da ƙarfi. Tsakanin wannan amsa da jawabin rediyo aka ƙone Tokyo a dare ɗaya cikin Maris, mutum wajen 100,000 suka mutu, aka yi yaƙin tsibirin Okinawa, aka jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki. Hausawa suka ce shiru ma magana ce. Jinkiri ma hukunci ne.

Ranar 27 ga Satumba, 1945, ya taka har ofishin jakadancin Amurka wajen Janar MacArthur, kwamandan sojojin da suka mamaye Japan. Ku nemi hoton ku gani. Baturen dogo, wuyan riga a buɗe, ya riƙe ƙugu, sarki kuma a ƙame cikin baƙar kwat. Ido ba mudu ba, ya san kima. MacArthur ya lura cewa mulkar Japan ta hannun sarkinta ya fi araha, dabarar da mu jikokin waɗanda suka ga Lugga ba sai an yi mana bayaninta ba. Saboda haka ba a kai shi kotun Tokyo mai shari'ar masu laifin yaƙi ba, ko shaida ba a kira shi ba. Janar Tojo, firaministan lokacin yaƙi, da wasu shida aka rataye a Disambar 1948. Ranar 1 ga Janairu, 1946, sarki ya fito da sanarwar da ta kore cewa shi abin bauta ne, tsarin mulkin 1947 kuma ya mayar da shi alamar ƙasa kawai.

Sauran shekara arba'in da ɗoriya zan bi su da sauri. Ya zagaya ƙasar yana ɗaga hula, yana tambayar talakawa lafiyarsu cikin rashin sabo. Ya duƙufa kan abin da ransa yake so tun ƙuruciya, nazarin ƙananan halittun teku, har ya wallafa littattafai. Shi ya buɗe gasar Olamfik ta Tokyo a 1964. Da ya je Turai a 1971 an yi masa zanga-zanga a Holan, don waɗanda suka sha wuya a sansanonin Japan ba su manta ba. Tun daga 1975 bai sake taka Yasukuni, wurin ibadar tunawa da mamatan yaƙi, ba, inda a 1978 aka shigar da sunayen manyan masu laifin yaƙi 14. Okinawa kuwa bai je ba yana sarki, ya shirya zuwa a 1987 ciwo ya kwantar da shi.

Shugaba yana nuna mini agogo, saura abu ɗaya. A Disambar 1988, sarki yana kan gadon ajali, aka tambayi magajin garin Nagasaki, Motoshima Hitoshi, a zauren majalisar birni, ya ce a ganinsa sarki yana da alhaki a yaƙin. Hirohito ya mutu ranar 7 ga Janairu, 1989, yana da shekara 87, bayan shekara 62 a sarauta. A Janairun 1990 wani ɗan ra'ayin riƙau ya harbi magajin garin ta baya a ƙofar ofishinsa. Bai mutu ba, kuma mutanen Nagasaki suka sake zaɓensa a 1991.

Nan zan dakata. Mai tambaya ya ɗaga hannu, a miƙa masa lasifika.