Kirarin da mutum ke yi wa kansa idan ƙafa ta yi nauyi

(An gabatar da wannan lacca ne ga wata ƙungiyar masu tattakin safe, aka rubuto ta daga muryar da aka naɗa.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena, yayyena da ƙannena, sannunku da zuwa. Na baya suna ji na? To madalla.

An ce in yi magana a kan abin da Turawa suka ara daga Indiya suke kira mantira. Asalin kalmar daga harshen Sansikirit take, ta addinin Hindu da na Buddha, wato lafazin da ake maimaitawa wurin ibadarsu. Masu wasannin motsa jiki suka ɗauke ta suka ba ta wata ma'ana: 'yar gajeruwar magana da mutum yake nanata wa kansa lokacin da gajiya ta kama shi. Da aka kawo mini takardar gayyata sai na yi murmushi, domin mu ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sunansa kirari.

Duk wanda ya taɓa zuwa gidan dambe ya gani. Kafin ɗan dambe ya shiga fili, ya naɗe hannu da zare, makaɗi ya saki takensa a kalangu, sai ka ga tsikar jikinsa ta tashi, ya ɗaga hannu sama yana karkarwa yana cewa sai ni wane, sai ni kaza. Wa yake gaya wa? Abokin karawarsa ma ba lallai ya ji ba saboda hayaniya. Kansa yake gaya wa. Haka 'yan kokawa, haka mafarauta. A gona kuma, ranar gayya, mai gangar noma yana bin bayan samari kunya-kunya, ya kira sunan wannan, ya zuga wancan, sai ka ga wanda ƙugunsa ya riƙe ya sake duƙawa. Iyayenmu mata da ke zaune can gefe sun fi ni sanin waƙar daka da ta niƙa. Taɓarya ba ta rage nauyi don an yi mata waƙa, amma hannu yana daɗewa bai saki ba.

Masu bincike sun gwada wannan abu da agogo. A shekarar 2014 aka buga wani gwaji da aka yi a Jami'ar Bangor da ke Birtaniya. Mutum 24 aka ɗora a kan keken motsa jiki, aka ce kowa ya tuƙa da ƙarfi har sai ya kasa. Sannan aka raba su biyu. Rabi aka ba su mako biyu su zaɓi 'yan kalmomin ƙarfafa gwiwa su riƙa gaya wa kansu idan suna atisaye, rabi aka bar su haka nan. Da aka dawo da su kan keken, masu magana da kansu sun ƙara daɗewa da kusan kashi 18 cikin ɗari, sauran kuwa suna nan inda suke. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne dalilin. Ba wani ƙarfin tsoka suka ƙara a mako biyu ba. Da aka tambaye su a tsakiyar tuƙin yaya suke jin wahalar, sai suka ce ta yi musu sauƙi fiye da da. Wato zuciya ce take fara cewa na gaji tun jiki yana da sauran abin bayarwa. Idan ka ba ta wata magana ta riƙe, sai ta jinkirta wannan hukunci.

Amma ku saurara, domin nan ne mutane suke yin kuskure, ni ma na yi shi.

Shekarun baya likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, ya ce in rage gishiri in riƙa tafiya a ƙasa. Na sayi takalmin gudu, na fito bayan sallar Asuba da zafina, ina ce wa kaina ni zaki ne, ni ba na gajiya. Ban kai gidan mai na unguwarmu ba numfashi ya ƙare. Na tsaya na dafa bango, ga masu kai yara makaranta suna kallona. Zuciyata ta ce, to zaki, ya aka yi? (Dariya.) Kwana huɗu na yi na ajiye takalmin a ƙarƙashin gado. Fankam fankam ba shi ne kilishi ba.

Daga baya na ga ashe an bincika wannan ma. A 2009, a Jami'ar Waterloo ta Kanada, aka sa mutane su riƙa nanata wa kansu cewa su abin ƙauna ne. Waɗanda dama suke ganin kansu da daraja sun ɗan ji daɗi. Waɗanda suke raina kansu kuwa, su da ake son a taimaka wa, sai abin ya ƙara dagula musu rai. Ka ga, zuciya ba yarinya ba ce. Idan ka gaya mata abin da ta san ƙarya ne, za ta tashi ta kawo maka shaidu. Ɗan damben da yake cewa sai ni, ai ya kwana yana dukan buhun yashi, ya kayar da wasu a baya, kirarinsa yana da abin da ya dogara a kai. Muhammad Ali ya ce shi ne gwani na gwanaye, amma tun yana shekara 12 yake cikin zoben dambe. Eliud Kipchoge na Kenya yana da takensa cewa ɗan Adam ba shi da iyaka, kuma ya gudu kilomita 42 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya ranar 12 ga Oktoba, 2019. Kai da ka bar gudu tun firamare, idan ka ari takensa za ka ji shi kamar babbar rigar wani.

Da na sake fitowa, sai na canja magana. Titinmu yana da turakun wutar lantarki a jere. Idan ƙafa ta yi nauyi sai in ce, Malam, turke ɗaya kawai. In na kai shi, in sake cewa, Malam, turke ɗaya kawai. Wannan magana zuciyata ba ta iya ƙaryata ta, don kuwa kowa zai iya kai wa turke ɗaya. Kuma ku lura tana da gaɓoɓi kaɗan, tana hawa kan taku: dama, hagu, dama, hagu. Doguwar jimla ba ta da amfani ga mai haki. Abin da ba za ka iya faɗa cikin numfashi ɗaya ba, bar shi a gida.

Wannan kiran kai da suna da nake yi, da farko na ɗauka wauta ce ta tsufa. Ashe wani malami a Jami'ar Michigan ta Amurka, Ethan Kross, ya gwada shi. Aka ba mutane minti biyar su shirya jawabi a gaban alƙalai, abin da yake tayar da hankalin kowa. Waɗanda suka yi wa kansu magana da sunansu, kamar suna lallashin aboki, sun fi natsuwa kuma sun fi yin abin kirki a kan masu cewa ni, ni. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Dukanmu mun iya ba wa wani shawara, tamu ce take gagarar mu. Idan ka kira sunanka, ka zama makaɗin kanka, ka koma bayan manomi da ganga.

Wani zai ce, Malam, mu Musulmi muna da zikiri, me ya kai mu wannan? Gaskiyarka, kuma ba na so a cakuɗa su. Zikiri ibada ce, ladanta ake nema. Amma ku tuna hadisin da yake cikin Buhari da Muslim, lokacin da Nana Faɗima, Allah Ya ƙara mata yarda, ta koka da yadda dutsen niƙa ya yi wa hannunta kanta, ta nemi a ba ta mai aiki. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya koya musu ita da Sayyidina Ali tasbihi 33, tahmidi 33, kabbara 34 idan za su kwanta, ya ce wannan ya fi musu mai aiki. Ranar haƙa ramin Handaƙ kuma sahabbai suna ɗibar ƙasa suna rera baituka, shi ma yana amsa musu. Don haka dattijon da zai ɗaga buhu ya ce la haula wa la ƙuwwata illa billah, ya riga mu sanin abin da muke tattaunawa a nan.

Ba a filin atisaye kaɗai abin yake aiki ba. Na san wata baiwar Allah mai sana'ar ɗinki, idan aikin Sallah ya taru mata har ta rasa ta inda za ta fara, abin da take cewa shi ne, wannan wuyan rigar tukuna. Ɗalibi mai jarrabawa ya ce shafi ɗaya. Mai saurin fushi, idan ɗan adaidaita ya sha gabansa, ya ce wa kansa, kai gida lafiya. Wasu karin magana suke riƙewa, sannu ba ta hana zuwa, kuma ya ishe su. Ni dai shawarata kada ka karɓi na wani don ya yi daɗin ji. Ka saurari abin da zuciyarka take faɗa daidai lokacin da za ka bari, sai ka ƙera amsarsa. Idan tana cewa da sauran nisa, amsarka ta zama a kan kusa. Idan tana cewa mutane suna kallo, amsarka ta zama a kan wanda kake yi domin shi, ko jikokinka ne ko lafiyarka.

Sai gargaɗi ɗaya, musamman ga mu da muka haura hamsin. Kirari na kasala ne da gajiyar ƙafa. Idan ka ji ƙirjinka ya ɗaure, ko ciwon yana sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, ko jiri ya ɗebe ka, babu wani turke ɗaya. Ka tsaya, a kai ka asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 ta ce a mako na matsakaicin motsi, wato rabin awa sau biyar, tafiyar da za ka iya magana a cikinta amma ba za ka iya rera waƙa ba. Ba ta ce ka kashe kanka ba.

Hajiya a can baya tana tambaya turke nawa nake yi yanzu. Hajiya, na daina ƙirgawa tun da suka wuce sittin, sai dai ran da aka yi ruwa titin ya cika da taɓo, ranar a tsakar gida nake zagaye, maiɗakina tana yi mini dariya ta taga. Akwai wata tambayar? Ga wani hannu can kusa da ƙofa, a miƙa masa lasifikar.