Asalin Sunan Washington da Ma'anarsa

Assalamu alaikum. Jama'a masu sauraro, duk wanda ya ji an ce Washington, babban birnin Amurka ne ke faɗo masa a rai, alhali sunan ya girmi Amurka da ɗaruruwan shekaru, kuma tushensa wani ƙauye ne a arewa maso gabashin Ingila, kusa da birnin Sunderland.

Mu fara da kalmar kanta. A tsohon Turanci, "tun" na nufin shingaggen fili, wato gona da gidajen da ke cikinta, kuma daga ita ne kalmar gari ta Turancin yau ta samo asali. Gaɓar "ing" tana nuna jingina ga wani mutum ko jama'arsa, farkon kalmar kuwa masana sun fi karkata ga cewa sunan wani mutum ne, Wassa ko Hwæsa. Idan aka haɗa, ma'anar ita ce gandun mutanen Wassa, kamar dai yadda muke jingina ƙauye ga wanda ya sare shi mu ce Gidan Wane.

To, yaya aka yi sunan ƙauye ya koma sunan zuriya? Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, masu ƙasa suka riƙa laƙaba wa kansu sunan inda suka mallaka, suna sa masa "de" ta Faransanci, wato "na". Wajen 1180, wani mai suna William de Hertburn ya yi musanya da Bishop na Durham, ya ba da ƙasarsa ta Hertburn ya karɓi Wessyngton, wato ƙauyen nan na Washington, kuma kundin Boldon na 1183, mai lissafa filayen Bishop ɗin, ya rubuta wannan musanya. Daga nan aka koma kiransa William de Wessyngton. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa sunayen garuruwansu suke ɗauke da su. Bambancin shi ne, a Ingila sunan ya zama gado, ya bi jikoki ko da ba su taɓa taka ƙauyen ba.

Sannu a hankali "de" ta faɗi, rubutun ya daidaita a Washington. Wani reshe na gidan ya zauna a ƙauyen Sulgrave da ke tsakiyar Ingila, daga cikinsa John Washington ya ƙetare teku zuwa Virginia wajen 1657, kuma tattaɓa-kunnensa George ne ya zama shugaban Amurka na farko a 1789. A 1791 aka raɗa wa sabon babban birnin sunansa, sunan ya sake komawa na gari.

Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne, mafi yawan masu amsa wannan suna a Amurka yau baƙar fata ne, domin bayan soke bauta a 1865, bayi da dama da suka sami 'yanci sun zaɓe shi da kansu. Malamin nan Booker T. Washington, wanda aka haifa cikin bauta, shi ya zaɓar wa kansa sunan yana yaro, ranar da malamin makaranta ya tambaye shi cikakken sunansa.