Lacca: Yadda ake gane shekarun tsohon hatimin sarƙar agogo

Jama'a, barkanmu da yamma. Hatimin da za mu duba yau shi ne ɗan ƙaramin nan da mutanen Ingila ke ratayawa a sarƙar agogon aljihu, daga ƙarni na 18 zuwa na 19, suna danna shi a kan jan danƙon da aka like wasiƙa da shi. Abu guda nake so ku riƙe: ƙarfen da dutsen ba dole ne su zama sa'o'in juna ba. Sau da yawa akan ciro tsohon dutse a dasa shi a sabon gida, don haka kowanne a yi masa nasa binciken.

Mu fara da ƙarfen. Ku sa madubin ƙara girma mai ninki 10, ku duba zoben ratayawa da gefen gindi. Kan damisa alamar ofishin awon ingancin zinariya na Landan ce, angar jirgi kuwa ta Birmingham, wanda aka buɗe a 1773. In kun ga kan sarki ko na sarauniya, shaidar biyan haraji ce, an yi amfani da ita daga 1784 zuwa 1890. Lambar karat, wato ma'aunin tsantsar zinariya, ta fi taimako. Sai a 1798 aka halatta karat 18. Karat 15 da 12 da 9 kuma a 1854, sannan aka soke 15 da 12 a 1932. To, wanda ya ce muku hatiminsa na zamanin Sarki George na Uku ne, wanda ya rasu a 1820, alhali ga tambarin karat 15 a jiki, ku yi masa sallama. Amma rashin tambari ba aibi ba ne, yawancinsu ba a buga musu komai ba. Da yawa ma ba zinariya ba ce zalla, lulluɓi ne a kan tagulla. Ku duba inda zobe ya ci da goga, nan asiri ke tonuwa.

Sai dutsen. Kaniliyan ja ne, akwai kore mai ɗigon ja, akwai kuma gilashi irin wanda James Tassie, wani maƙerin hatimi ɗan Scotland, ya yi suna da shi kafin rasuwarsa a 1799. Gilashi zubi ake yi, shi ya sa bakin zanensa ke da laushi, wani lokaci har da kumfa a ciki. Sassaƙar dutse kaifi gare ta. Kada ku tsoma wanda bayansa ke rufe a ruwa. Akan shimfiɗa siririn ƙarfe mai ƙyalli a ƙarƙashi, damshi na shiga ya baƙanta.

Zanen a juye yake, don haka ku danna shi a kan yumɓu mai taushi ku karanta. Layuka a tsaye cikin garkuwar tambarin dangi na nufin ja, a kwance shuɗi, ɗige-ɗige ruwan zinariya. In tambarin dangin yana cikin siffa mai kusurwa huɗu da ta tsaya a kan tsini, na mace ne.

Shekarar 1840 ma ma'auni ce. Kafin ita ana biyan kuɗin wasiƙa bisa yawan falle, ambulan kuma falle ne, shi ya sa ake naɗe takarda a like. Da kan sarkin aika wasiƙa ya fito a shekarar, ambulan mai gam ya biyo baya, hatimi ya koma ado. Shi ya sa za ku tarar da na ƙarshen zamanin Sarauniya Victoria da yawa dutsensu sumul, ba a sassaƙa komai a kai ba.