Yini Guda a Dajin Amurum Cikin Damina

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na baya kuna ji na? To madalla. Waɗanda ke tsaye a bakin ƙofa ku shigo, ga kujeru nan gaba babu kowa.

An ce in yi magana kan yadda mutumin da bai taɓa shiga daji da ƙafa ba zai yi yini guda a ciki, cikin damina, ya dawo gida lafiya. Na ware abubuwa biyar: wurin da za a je, lokaci, kaya, sha'anin ruwa, sai abin da ido zai gani. In Allah ya yarda za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, wuri. Ga sabon shiga, ni ban san inda ya fi Amurum ba. Da yawanku a nan Jos aka haife ku, amma ina masu sanin Amurum? Ɗaga hannu mu gani. Kun gani ko? Hannuwa ba su cika tafi ɗaya ba. Alhali tafiyar kilomita 15 ce kawai daga cikin gari, arewa maso gabas, a ƙauyen Laminga cikin ƙaramar hukumar Jos ta Gabas. Faɗinsa bai wuce hekta 300 ba, saboda haka ba irin ƙungurmin dajin da za ka shiga ka rasa gabas ba ne. Amma a wannan ɗan fili akwai ƙasa iri uku. Akwai fili mai ciyawa da ɗorawa da maje da ɗinya. Akwai tsibin duwatsu, irin waɗanda Allah ya ɗora wani kan wani a ƙasar nan tamu. Sannan akwai kurmi, wato duhuwar itatuwan da ke bin bakin rafi, inda kana shiga za ka ji sanyi ya buge ka, haske ya ragu. A awa uku ko huɗu ka taka duka ukun.

Dajin na mutanen Laminga ne, su suka tsare shi. A 2001 aka kafa cibiyar binciken tsuntsaye a wurin, mai ɗauke da sunan A. P. Leventis, wadda ke aiki tare da Jami'ar Jos. Don haka ba a faɗa wa wurin kai tsaye. A nemi izini tun kafin ranar, a nemi ɗan jagora, a tambayi halin da hanya take ciki a wannan makon. Da ɗan gari akan ci gari. Wannan maganar ta tambayar lafiyar hanya ba sai na tsawaita ba, kowa a ɗakin nan ya san zamanin da muke ciki.

Na biyu, lokaci. A fita bayan asuba. Ba ƙarfe tara ba, ba "bari in karya tukuna" ba. Dalili biyu ne. Hadarin damina ya fi haɗuwa da rana ta karkata, to kana son kafin la'asar ka riga ka fito. Dalili na biyu kuma tsuntsaye. Tsuntsu da sassafe yake magana.

To tunda tsuntsaye sun shigo, ku bar ni in faɗi wannan yanzu, don in na bari sai ƙarshe lokaci zai ƙwace mini shi.

An ƙirga tsuntsaye wajen nau'i 300 a Amurum. Ku dubi ƙanƙantar wurin, ku dubi wannan adadi. Za ka ji ragon maza yana ta guɗarsa daga cikin duhuwa, za ka ji kazar dutse da ayarinta suna kiran juna a kan fa, cilakowa na wucewa ta sama. Amma akwai guda biyu da saboda su mutane ke tasowa daga Turai da Amurka su zo Laminga, mu kuwa muna nan kusa ba mu san da su ba.

Kun san beni? Ɗan jan tsuntsun nan da ke shigowa tsakar gida yana tsintar tsaki a gindin turmi. Iyaye mata sun san shi. To yana da ɗan uwa da ba ya zuwa gida, a cikin duwatsu yake zama. Tsawonsa bai fi santimita 10 ko 11 ba. Namijin bayansa ja, ƙirjinsa ja, kansa ruwan toka, bakinsa toka-toka mai ɗan shuɗi. Masana ba su san cewa shi nau'i ne mai zaman kansa ba sai a 1998, lokacin da wani masani ɗan Amurka, Robert Payne na Jami'ar Mishigan, ya bayyana shi ga duniya. Shekarar 1998 fa! Wasunku an riga an haife ku. Ana samunsa a duwatsun Filato da kewaye, da kuma can duwatsun Mandara a iyakarmu da Kamaru. Ba ko'ina ba.

Na biyun kuma wani ɗan baƙin tsuntsu ne, namijin baƙi mai sheƙi, bakinsa fari. Macen kuwa ba ta da ado, za ka gan ta ka wuce. Wannan tsuntsu ba ya saƙa sheƙa. Sam. Macen sai ta yi ta bibiyar benin dutse, ta gano inda ya yi sheƙarsa cikin ciyawa, ta faki ido ta shiga ta ajiye ƙwanta cikin nasa, ta tafi abinta. (Dariya.) Na ga iyaye mata na girgiza kai. Hajiya, ki yi haƙuri, haka Allah ya halicce ta.

Amma ku saurari abin mamakin. 'Ya'yan beni, in sun buɗe baki suna neman abinci, akwai ɗigo-ɗigo a cikin bakinsu da 'yan ƙuraje masu haske a gefen baki, kowane nau'i da irin zanensa. Da wannan zanen iyaye ke gane nasu a cikin duhun sheƙa. To ɗan baƙon da aka ƙyanƙyashe, shi ma in ya buɗe baki, zanen nan ne a ciki. Sai uwar riƙo ta ɗura masa abinci tare da nata. Kuma ba ya ture 'ya'yan masu gida waje, tare suke tashi, tare suke barin sheƙa.

Ban gama ba. Yana cikin sheƙar nan yana jin waƙar mai riƙonsa safe da yamma, sai ya haddace. In ya girma ya zama namiji, ya hau kan reshe zai nemi aure, cikin waƙarsa sai ka ji waƙar benin dutse sak. Kamar yaron da aka kai riƙo Sakkwato yana ƙarami, ya dawo gida da Sakkwatanci a bakinsa. Ita kuma macen, da yake a irin wannan sheƙar ta tashi, wannan waƙar ce kunnenta ya sani. Namijin da ke rera ta shi take bi, kuma in za ta yi ƙwai, sheƙar mai wannan waƙar take nema. Haka abin ke zagayawa, ɗa bayan uba. Subhanallah.

Kuma wannan kwaikwayon ne ya taimaka aka gano benin dutsen. Masana sun ji baƙin tsuntsun Filato yana rera waƙar da ba ta yi daidai da ta sauran benin da suka sani ba. Tun da kwaikwayo yake, dole akwai wanda yake kwaikwayo. Aka bi waƙa aka iske mai ita a cikin duwatsu. Da kunne aka yi wannan aikin, 'yan uwa. Da kunne.

Shi ya sa nake roƙon matasanmu, don Allah, ranar da za ku shiga dajin nan ku bar lasifika a gida. Ina ganin ayari sun shiga da kiɗa a jaka, ana ihu, ana ɗaukar hoto, a fito a ce "ai ba komai a ciki". Akwai komai. Ku kuka kore shi. Ku yi tafiya a hankali, ku sami fa mai faɗi ku zauna minti goma ba wanda ya ce uffan. Za ku ga dajin ya manta da ku, kowa ya fito harkarsa. Kuma damina ce ta ba ku wannan, musamman ƙarshenta zuwa kaka, lokacin da ciyawa ta yi 'ya'ya, masu cin tsaba ke sheƙa, mazan baƙin tsuntsun nan suka sa baƙar rigarsu suna waƙa. Da rani rigar tana zubewa, namiji ya koma kamar mace, ka gan shi ba ka gane shi ba. In akwai mai madubin hangen nesa a cikinku ya taho da shi, a riƙa karɓa-karɓa.

Ina muke? Na huɗu ko? Mai gabatarwa ya ce na uku. To, na uku, kaya, kuma zan yi sauri. Takalmi sau-ciki mai kaushin ƙasa. Silifas a bar shi a gida, haka takalmi sabo fil, zai ci maka ƙafa tun ba a yi nisa ba. Dogon wando a cusa cikin safa, saboda kaska da kwarkwasa. Rigar ruwa ta fi lema, don kana bukatar hannuwanka a kan dutse. Waya a cikin leda, wata busasshiyar riga ma a cikin leda. Kada ku raina wannan rigar: muna sama da mita 1,200 daga teku, in ruwa ya jiƙa ka iska ta biyo baya, haƙoranka za su yi ta haɗuwa ko a watan Agusta. Ruwan sha kamar lita biyu, dabino, gyaɗa, dafaffen ƙwai. Sanda. Duk ledar da ta shiga da kai ta fito da kai.

Sai ruwa, kuma a nan ina son ku natsu. Jos na samun ruwan sama wajen milimita 1,400 a shekara, tsakanin Afrilu da Oktoba, mafi yawa a Yuli da Agusta. Ƙasarmu ta dutse ce, ruwa ba ya tsayawa ya nutse, gangarowa yake yi. Rafin da ka tsallaka da safe yana iya idon sawu, da azahar sai ka dawo ka iske shi ja wur yana tafe da itace. Kuma ba sai an yi ruwa a kanka ba. Ana iya yinsa can sama inda ba ka gani, kai kana cikin rana. In ruwa ya canza launi, ko ka ga ganye da ƙirare suna wucewa, fita daga kwarin. In ya kai gwiwa yana gudu, ba a shiga. A zauna a jira. Irin waɗannan rafukan yadda suke saurin cika haka suke saurin janyewa.

Dutse mai jiƙe, musamman inda ya yi baƙi ko gansakuka ta kama, santsi gare shi. Saukowa ta fi hawa haɗari. In ta kama ka zauna ka sauko da mazaunai, zauna, ba wanda zai rage maka daraja. Tsawa kuma: in ka ga walƙiya ka fara ƙirga. Kowane daƙiƙa uku kafin ka ji ƙara, kilomita ɗaya ke nan tsakaninku. In ba ka kai 30 ba ka ji ta, sauko daga kan dutse, kada kuma ka fake a gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai a fili.

Na ƙarshe… na'am? Akwai hannu a can ɓangaren mata. Ku miƙa mata abin magana.

(Mai tambaya: Malam, Allah ya saka da alheri. Ni abin da ke hana ni shiga daji maciji ne. In ya sari mutum ana can ciki, me za a yi?)

Amin, ƙanwata. Kin yi tambayar da rabin ɗakin nan ke son yi. Da farko, yawancin sara a ƙafa ne ko a hannu, ga wanda ya taka maciji bai gani ba ko ya zura hannu inda ido bai shiga ba. Saboda haka takalmi, dogon wando, a bi turba, a bar ɗan jagora a gaba da sandarsa, kada a sa hannu a kogon dutse ko ƙarƙashin gungume. Kasa ba ta gudu, kwanciya take ta saje da ganye, shi ya sa ake duba wurin zama kafin a zauna.

In kuma ƙaddara ta faɗa, ga abin da ba a yi. Ba a ɗaure ƙafa tamau da igiya ko roba. Ba a tsagawa da reza. Ba a tsotsa da baki. Ba a tsayawa neman macijin don a kashe shi, a nan ake samun sara na biyu. Na san a garuruwanmu an saba da ɗauri, amma ɗaurin nan ya jawo an yanke ƙafafun da da sun warke. Abin yi: a janye mutum daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe da awarwaro da agogo kafin kumburi, a sa kara ko sanda a tallafe gaɓar kada ta riƙa motsi, a lura da ƙarfe nawa abin ya faru, a ɗauke shi, kada ya taka da kansa in akwai hali. Sai asibiti kai tsaye, ko da ya ce ba ya jin komai, domin dafin kububuwa kan ɗauki sa'o'i kafin jini ya fara tsinkewa. Maganinsa allurar kashe dafi ce, a asibiti take. A jihar nan akwai cibiyar Zamko a ƙasar Langtang da ta shahara da wannan aiki, akwai kuma Kaltungo a jihar Gombe, amma daga Laminga asibitin koyarwa na Jos ne kusa, can za a fara nufa. Shi ya sa motar da ta kawo ku kada ta koma gari. Direba ya tsaya a bakin daji, wayarsa a kunne, har ku fito.

Ana yi mini alama an kira salla. Sauran tambayoyin a riƙe su, in mun idar ina nan a bakin ƙofa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.