Tsohuwar Modem Za Ta Yi Aiki a Kan Wayar Intanet?

Assalamu alaikum jama'a. Duk wanda ya shiga intanet a Kaduna wajajen shekarar 2000 ya san wannan kukan: tsuwwa siririya, sai shuuu, sai tsit, an haɗu. Na'urar modem ce ke kiran 'yar uwarta ta layin NITEL, tsohon kamfanin wayar gwamnati, mai lambar 062 a gaba. Layukan nan sun mutu, amma har yau akwai injinan faks da ƙararrawar tsaro da wasu injinan masana'antu da ba su iya magana ta wata hanya ba. To idan aka jona su da wayar da ke bin intanet, wato VoIP, za su yi aiki?

Suna iya yi, amma da ƙyar, kuma a hankali.

Aikin modem shi ne ta mayar da bayanan kwamfuta sauti, ta tura ta layin waya, ta can ɓangaren ta saurara ta mayar da shi bayanai. Tsohon layin waya na tagulla yana kai sautin a jere, ba yankewa. Ita kuwa wayar intanet daddatsa murya take yi gunduwa-gunduwa, yawanci kowace gunduwa tsawon kashi 20 cikin 1,000 na daƙiƙa, ta watsa su a hanya. Wata ta iso da wuri, wata ta makara, wata ta ɓace gaba ɗaya. Kunnen ɗan Adam yana da haƙuri. Idan kana magana da Hajiya tana Makka, gunduwa ɗaya ta faɗi, ba za ka ma lura ba, ƙwaƙwalwarka ce za ta cike giɓin. Modem ba ta da wannan haƙurin. Kowane ɗigon sauti lissafi ne a wurinta, da ta rasa sai ta tsaya ta sake daidaitawa da abokiyarta, in abin ya yi yawa ta katse kiran.

Sai matse murya. Tsarin G.729 yana matse magana zuwa kilobit 8 a daƙiƙa (kilobit ma'aunin yawan bayanai ne, bit dubu ke nan), yana zubar da duk abin da bai yi kama da muryar mutum ba, kuma kukan modem na cikin abin da ake zubarwa. Wanda ke ba da dama shi ne G.711, mai kilobit 64, irin wanda manyan tashoshin waya ke amfani da shi tun shekarun 1970. Ko da shi ɗin, ka cire rai da gudun 56k, wato kilobit 56 a daƙiƙa, na tsarin modem na V.90 da ya fito a 1998. Wannan gudun yana buƙatar agogon ɓangarorin biyu ya tafi daidai, abin da intanet ba ta yi wa kowa alkawari ba.

In dole ce ta sa, ga yadda ake lallaɓawa. Za ka nemi ƙaramin akwatin da ake kira ATA, wanda ke haɗa tsohuwar waya da intanet. Ka saita shi a G.711, ka kashe tsarin da ke daina tura sauti idan an yi shiru, da wanda ke goge amsa-kuwwa. Ka jona shi da kebul, ka rabu da Wi-Fi. Sannan ka sauke gudun modem ɗin zuwa bit 9,600 a daƙiƙa, domin tafiyar hawainiya ta fi jure tangarɗa. Masu faks sun fi kowa sa'a, suna da tsarin T.38 da aka yi dominsu, muddin kamfanin da ke ba su layi ya yarda da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ƙararrawar tsaro. Tsohon layi daga tashar waya yake samun wutarsa, ko an ɗauke wuta yana aiki. Akwatin ATA da na'urar intanet kuwa da wutar gidanka suke rayuwa. Mai shago a Kasuwar Barci ko Kakuri, in ba ka sa musu batir ko sola ba, da an ɗauke wuta ƙararrawarka ba ta iya kiran kowa.