Girman Lambar Rajista a Jikin Jirgin Haɗin Gida da Dokar Shiga Keɓaɓɓen Sararin Samaniya

Assalamu alaikum. Malamai, injiniyoyi da ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa. Batun da aka ɗora mini yau ƙarami ne a ido, domin bai wuce haruffan da ake rubutawa a jikin jirgi ba, amma ya dace a tattauna shi a nan Zariya, garin da tun 1964 yake da kwalejin koyon tuƙin jiragen sama, kuma yake da matasa masu sha'awar haɗa jirgi da hannunsu.

Asalin dokar ita ce yarjejeniyar Shikago ta 1944, wadda sashe na 20 nata ya wajabta wa duk jirgin da zai tsallaka ƙasa ya ɗauki alamar ƙasarsa da lambar rajistarsa. Tamu ta Najeriya 5N ce, ta Nijar 5U, ta Amurka kuwa N. Ƙa'idar ICAO, hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, ta ce tsayin haruffan da ke kan fiffike kada ya gaza santimita 50, na jikin jirgi ko na jela kuma kada ya gaza santimita 30.

Amurka ce ta fi kowace ƙasa yawan jiragen haɗin gida, saboda haka dokarta ce ta fi yin bayani dalla-dalla. A wurinsu ana kiran jirgi na haɗin gida ne idan mutum ya yi fiye da rabin aikin da kansa, don neman ilmi ko don sha'awa. Sauran jirage masu kafaffen fiffike haruffansu inci 12 ne, wato santimita 30 da ɗoriya kaɗan. Jirgin haɗin gida kuwa an yi masa sassauci, an ce inci 3 ya wadatar, muddin gudunsa na tafiya bai haura kusan kilomita 333 a sa'a ba. Magina da yawa suna son wannan sassauci, kuma ban ga laifinsu ba, domin wanda ya shafe shekaru yana ɗaure ƙusa ɗaya bayan ɗaya ba ya son manyan haruffa su cinye masa fentin da ya zaɓa.

To, amma sassaucin yana da iyaka. Tun daga 7 ga Maris 1988, duk jirgin da zai ratsa yankin tantancewa na tsaron saman Amurka, wato sararin da ake tantance jirage masu shiga da fita, wanda ake taƙaitawa da ADIZ, wajibi ne ya nuna haruffa masu inci 12, ko na dindindin ko na wucin gadi. Abin da ya jawo haka shi ne safarar miyagun ƙwayoyi da ƙananan jirage, inda jami'an kwastan suka riƙa bin jirgi a sama ba tare da sun iya karanta lambarsa ba. Shi ya sa mai ƙaramin jirgi da zai tashi daga Filorida zuwa tsibiran Bahamas yake sayen tef mai launi, ya yanka, ya liƙa manyan haruffa a gefen jirgi, idan ya dawo gida ya ɓare.

Ina so ku ɗan tsaya ku hango abin daga kujerar matuƙin da aka tura ya tare wannan jirgi. Jirginsa na yaƙi ne, ba a ƙera shi don tafiyar hawainiya ba, sai ga shi an ce ya jera da wani ɗan jirgi mai farfela ɗaya. Yana kira ta rediyo a mita 121.5, babu amsa, yana kaɗa fukafukai don a gane an tare jirgi, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi zai wuce. Harafin inci 12 ana karanta shi daga nisan da ya ninka na inci 3 sau huɗu. Wannan tazarar ce take bambanta matuƙin da ya karanta lamba daga nesa ya sanar da jami'an da ke ƙasa, da wanda dole ya matso har iskar jirginsa ta jijjiga ɗan ƙaramin. Kamar lambar mota ce a shingen bincike da daddare: ba don mai motar aka yi ta ba, don wanda yake tsaye da tocila aka yi ta.

A nan ne mutane suke yawan cakuɗa abubuwa biyu. A taswirar matuƙa za ku ga yankuna masu harafin P, inda aka haramta shiga ɗungurungum, da masu R, inda ake shiga bisa sharaɗi, da masu D, inda ake gargaɗin haɗari kamar atisayen harbi. Sakin layin dokar Amurka da ya yi maganar inci 12 bai ambaci waɗannan ba, yankin tantancewa ya ambata. Shiga yanki mai R izini yake buƙata daga hukumar da ke riƙe da shi, kuma ko da haruffanka sun kai tsayin mutum, ba za su zame maka izini ba.

Tsayi kaɗai ma bai isa ba. A dokar Amurka faɗin harafi kashi biyu cikin uku ne na tsayinsa, ban da lamba 1 da haruffan M da W, kaurin layi kashi ɗaya cikin shida na tsayin, tazara tsakanin haruffa kuma aƙalla rubu'in faɗin harafi. Ku lissafa: haruffa shida masu faɗin inci 8, da tazara biyar ta inci 2, sun kama inci 58, kusan mita ɗaya da rabi. Dole kuma su zauna a jela ko tsakanin bayan fiffike da gaban jela, inda jikin jirgi yake tsukewa, kuma launinsu ya saɓa da na fentin da ke ƙarƙashinsu. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da Air Beetle, jirgin horaswa da aka haɗa guda 60 a Kaduna domin sojojin sama bisa ƙirar RV-6A, wadda asalinta ta haɗin gida ce, ya san yadda wurin yake da ƙaranci.

Shawarata ga mai niyyar haɗa jirgi a ƙasar nan ita ce kada ya ɗauki inci 3 na Amurka a matsayin haƙƙinsa. Wannan sassauci na cikin gidansu ne, jirgi mai 5N kuwa hukumar NCAA, mai kula da zirga-zirgar jiragen sama a Najeriya, ce take yi masa rajista, kuma sashe na 4 na dokokinta ne yake magana a kan lamba da alama. A halin tsaron da muke ciki a Arewa, ni a ganina ganganci ne a tashi da jirgin da ba a iya karanta lambarsa daga nesa. A auna gurbin santimita 30 tun ana zanen takarda, a kai wa sufeton hukuma ya duba, sannan a sayi fenti.

Yanzu zan saurari tambayoyinku.